Abincin rana a Kano: wace unguwa, wane lokaci, wace tukunya

Abincin rana a Kano yana da lokacinsa, kuma wanda ya kuskure lokacin ya kuskure abincin. Masu abinci na cikin kasuwanni suna sauke tukunyar farko wajen ƙarfe goma sha biyu. Ana idar da sallar azahar yaran shago da 'yan dako da masu gida su yi musu caa, kafin la'asar abin da ya rage sai ƙanzo da miyar da aka ƙara wa ruwa. Mai abinci guda za ta iya burge ka da ƙarfe ɗaya, ta ba ka haushi da ƙarfe uku da rabi, alhali hannunta bai canza ba. Don haka kafin a yi maganar wuri, a riƙe wannan: tsakanin sha biyu da rabi zuwa biyu ake cin abincin rana mai kyau a garin nan, kuma wurin da tukunya ke ƙarewa da wuri ya fi wurin da kula ke wuni a cike.

A fara da kasuwa, domin nan ne kuɗinka zai fi yi maka aiki. Kantin Kwari, Singa, Ƙofar Wambai da kasuwar waya ta Farm Center duk suna da masu abincin da suka daɗe suna ciyar da layi guda. 'Yan kasuwa ba sa yafe wa mai abinci: ta ɓata girki sau biyu, layin ya koma wa wata. Baƙo ba ya buƙatar wani dogon bincike, ya tambayi mai shago inda yake aikawa a karɓo masa, ba inda ya fi kusa ba. Abincin da ya fi tafiya a nan shi ne garau-garau, shinkafa da wake da mai da yaji, kuma sauƙinsa ne yake tona asirin mai dafa shi. Wake ya fi shinkafa daɗewa a wuta, saboda haka shi ake fara zubawa da 'yar kanwa, sai ya ɗauko nuna a zuba shinkafa. Idan aka zuba su tare, ko dai shinkafa ta caɓe ko wake ya fito da tauri. Idan kanwa ta yi yawa za ka ga abincin ya yi ja sosai har ya nemi yin baƙi, a harshe kuma akwai ɗan bauri, kuma irinsa ne yake ɓata ciki da yamma. Mai kyau shi ne wanda shinkafar ta yi warawara, waken kuma ya murje tsakanin yatsu biyu ba tare da ya fashe a tukunya ba.

Sai dai garau-garau rabinsa mai ne da yaji. Man gyaɗa da aka soya da albasa a ranar yana da ƙamshin da ba ya ɓuya. Wanda aka riga aka soya kifi ko awara da shi sau da yawa yana yin duhu, yana barin maƙaƙi a maƙogwaro. Yaji kuma a ɗanɗana kaɗan a tafin hannu kafin a barbaɗa. Na kirki za ka ji barkono da citta da tafarnuwa da ƙuli-ƙuli, gishiri daga baya. Tun da kaya suka yi tsada bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wasu sun koma cika yaji da gishiri da ɗanɗano, sai mutum ya wuni yana shan ruwa. Ƙaramin faranti da dafaffen ƙwai ko yankan kifi ɗaya ya ishi mai aikin zaune. Salak da ake ɗorawa, latas da tumatir da albasa da kokwamba, yana ƙara armashi, amma da damina, lokacin da amai da gudawa ke yawaita, gara a ce a bar shi sai an ga da wane ruwa ake wankewa.

Ɗanwake na cin safe ne zuwa hantsi, amma ana samunsa har azahar a bakin makarantu da kusa da ma'aikatu, irin su kewayen sakatariyar Audu Bako da tsohuwar jami'ar Bayero. Sharaɗinsa ɗaya: a ci shi inda aka tsame shi. Garin haɗi ne na wake da rogo da dawa ko fulawa, a sa kuka da ruwan kanwa a kwaɓa, a riƙa jefawa a tafasasshen ruwa. Yana tasowa sama ba ya nufin ya nuna, sai an bar shi ya ƙara tafasa kamar minti goma. Raba guda ɗaya biyu ka duba: idan tsakiyar fari ce mai gari-gari, an yi gaggawar tsamewa. Rogo ya yi yawa sai ya yi danƙo, fulawa ta yi yawa sai ya yi tauri da zarar ya huce. Wanda aka zuba a roba aka kai ofis bayan rabin awa ya riga ya daskare ya zama dunƙule, kuma ba laifin mai yi ba ne.

A cikin birni, gurasa ce abin nema. Jakara da Ceɗiyar 'Yan Gurasa, ba nisa da Kasuwar Kurmi, nan ne gidanta, kuma daga nan masu talla suke sarowa su bazu cikin gari. Kwaɓin fulawa ne da yis, a manna shi a jikin tanderu mai zafi. Sabuwa tana da laushi, gefe ɗaya da tabon wuta, ka naɗe ta ba ta karye ba. Ta jiya tana tsagewa a gefe, kuma komai ruwan da aka yayyafa mata ba ta komawa daidai. Bandashe shi ne a jiƙa ta kaɗan da ruwan ɗumi, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, a kwarara mai, a yanka albasa da tumatir da kabeji. Inda ake ɓata shi wurin jiƙawa ne: ruwa ya yi yawa ta koma ɗanyen ƙulli, ya yi kaɗan ƙulin ya ƙi kamawa. Gurasa biyu da naman balangu abincin rana ne cikakke. Amma a lura da nama. Tsire sana'ar yamma ce, mafi yawan masu tukuba sai bayan la'asar suke kafa sabo. Tsiren da ka gani da ƙarfe ɗaya, ƙulinsa ya yi baƙi, gefen naman ya bushe, akwai alamar kwanan jiya ne aka ɗumama. Da rana balangu ya fi aminci, musamman a Fagge kusa da kwata, inda nama ke fitowa da safe. Ka ce a yanka maka daga wanda ke kan wuta, ba daga wanda aka ture gefe cikin takarda ba.

Mai son tuwo ya nufi Zoo Road da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, da kewayen Asibitin Malam Aminu Kano. A nan ne gidajen abincin gargajiya masu kujera da fanka suka fi yawa, inda mutum zai iya zuwa da iyali ko abokin aiki. A ganina wannan sashe ne ya fi dacewa da mafi yawan mutane: an fi kasuwa tsafta da sarari, ba a kai GRA tsada ba. Gidan tuwo ana gane shi da miyar kuka, ba da miyar da aka cika wa nama ba. Kuka tana son a kaɗa ta da maburgi tana zuba kaɗan-kaɗan, wuta a rage. Wadda aka zuba gaba ɗaya tana yin gudaji, wadda aka daɗe ana tafasawa bayan an kaɗa tana tsinkewa. Ƙamshin daddawa ya kamata ya iso ka kafin cokali, in kuma akwai man shanu a nemi a ɗiga. Tuwon shinkafa ya zama an tuƙa shi har ƙwayar ta ɓace amma bai yi ruwa ba. Malmala biyu ita ce ƙa'idar mai jin yunwa, sai dai malmalar ta ƙanƙance a wurare da yawa, don haka a duba girmanta kafin a ce nawa. Wani abin da ban so shi ne naɗe tuwo da zafinsa a farar leda. Ya zama ruwan dare saboda yana hana shi bushewa, amma gidan da ke kwashewa a kula ya zuba maka a faranti ya fi.

Miyar taushe tana da nata hatsarin. Kabewa ce da gyaɗa da alayyafo da 'yar yakuwa, ita ce abokiyar waina da sinasir da funkaso da alkubus. Gyaɗa ba ta jure zafi, kuma daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yana haura digiri 40. Taushen da aka sauke da safe aka bar shi ba a kan wuta ba yana iya juyawa kafin ƙarfe uku. Tsamin yakuwa daban, tsamin lalacewa daban: na biyun yana zuwa da 'yar kumfa a sama da wani wari mai kama da na tsohon ƙulli. Waina kuma a nemi wadda ake soyawa a tanda a gabanka, bayanta ya yi ja, cikinta ya yi ƙofofi. Wadda ta yi nauyi ta shanye mai, ƙullinta bai tashi ba. Wadda ta yi tsami sosai, ƙullin ya wuce lokaci ba a kashe shi da kanwa ba.

Sabon Gari nan ne gidan sakwara da amala da teba, da miyar agushi da ogbono da ewedu, a hannun Yarabawa da Ibo da suka gaji abin. Layukan da ke kewayen France Road cike suke da irin waɗannan wurare. Tambaya ta farko: sakwarar ta turmi ce ko ta gari? Ta turmi tana da danƙo da ƙamshin doya, wani lokaci da ɗan gudaji ƙanana. Ta gari sumul take, fara tas, tana saurin sakin jiki in ta huce. Lokacin sabuwar doya, wajen Agusta zuwa Satumba, ko ta turmin ba ta cika danƙo ba saboda ruwan da ke jikin doyar. Ana lissafin nama daban da tuwo, kowane yanka da kuɗinsa, don haka a yi ciniki kafin a zuba. Wasu wuraren suna haɗawa da sayar da giya, wasu ba sa yi, kuma daga ƙofa ake ganewa. Wanda yake da damuwa kan yadda aka yanka dabbar ya tambaya kai tsaye, ba a jin haushin tambayar. Da azumi, lokacin da gidajen abinci na sauran unguwanni ke rufe da rana, nan ne matafiyi ko mara lafiya zai samu dafaffen abinci.

Nasarawa GRA da Bompai na mai baƙo ne ko mai maganar kasuwanci. Akwai abincin Lebanon da na Indiya da na Sin, akwai wurare irin su Cilantro, da ɗakunan cin abinci na otal kamar Tahir Guest Palace da Bristol Palace. Abin da kake saye a nan sanyi ne da natsuwa da wurin ajiye mota. A irin waɗannan wurare sai ka yi oda ake ɗora girki, don haka a ware rabin awa ko fiye na jira, wanda hutunsa awa ɗaya ne ya kira tun yana hanya. A kuma tambaya ko farashin da ke takarda ya haɗa da harajin VAT na kashi 7.5 da kuɗin hidima, domin sau da yawa a ƙarshe ake ɗora su. Gidajen kaza da shinkafa na zamani da ke Zoo Road da titin Murtala Muhammad sun fi sauri. A can jalof ta fi firaid rais jure zama a cikin gilashi, saboda kayan lambun da ke cikin ta biyun suna saurin juyawa.

Da tsananin zafi, fura da nono ta isa abincin rana. Fura biyu ko uku a dama da kindirmo, mutum ya kai magariba. Nonon da aka tsinka da ruwa aka ɗaure da garin 'ya'yan kuka yana da kauri amma tsaminsa na kuka ne, ba maiƙo a leɓe. A tambayi inda ƙanƙarar ta fito, domin sau da yawa ita ce matsalar, ba nonon ba. Wanda bai yarda da na ƙwarya ba, akwai fura da yogot na kamfanonin garin irin su Rufaida da L&Z.

Ranar Juma'a lissafin yana canzawa: wurare da yawa suna tsayawa daga wajen ƙarfe ɗaya har a sauko masallaci, hanyoyin da ke kusa da masallatan Juma'a kuma suna toshewa, don haka ko a ci kafin sha biyu da rabi ko a bari sai biyu da rabi. Tun da aka hana acaɓa a 2013, adaidaita sahu ce abin hawan cikin gari, kuma shiga Kwari ko Singa da mota da tsakar rana ɓata lokaci ne, gara a ajiye ta nesa a ƙarasa da ƙafa. Mafi yawan masu abinci yanzu suna karɓar tiransifa, amma cikin kasuwa sabis yana yankewa, a riƙe 'yan canji. In za a tafi da abincin ofis, a ce a zuba miya daban da tuwo, mai da yaji daban da shinkafa, salak kuma kada ya taɓa abinci mai zafi, domin tururi yana dafa latas cikin minti kaɗan ya saki ruwa a cikin robar.