Wata bakwai da na'urar Lumis 150 a ɗakin Baba

Da likita ya ce Baba zai riƙa kwana da na'urar taimakon numfashi saboda ciwon huhunsa, na ɗauka tukunyar oksijin ake nufi. Ashe ba ita ba ce. Ita wannan, iskar ɗaki take zuƙa ta tura masa ta tiyo da takunkumi, ba a zura masa komai a maƙogwaro. Muka haɗa kuɗi ni da ƙannena muka sayi Lumis 150 ta kamfanin ResMed. Aljihu ya ji jiki, ba ƙarya.

Salon aikinta kala-kala ne. A CPAP ƙarfin iska ɗaya ne daga kwanciya har asuba. A S ƙarfi biyu ne: idan mutum ya ja numfashi ta ƙara, idan ya sauke ta sassauta, amma sai ya fara take bi. A T agogonta kawai take bi. Baba an ɗora shi a ST, wato haɗin S da T, ƙarfin iska 14 wajen ja, 6 wajen saukewa, kuma idan ya yi jinkiri ita za ta tura masa da kanta. Daren farko na zauna a bakin gado ina ƙirga, sai ya yi shiru har gabana ya faɗi, can sai na ji ta hura. Lambobin nan na likita ne, ban taɓa su ba, kai ma kada ka taɓa.

Inda ta burge ni shi ne lissafin yoyon iska. Da safe allonta yana nuna wata 'yar fuska, kore idan takunkumi ya zauna daram, ja idan iska ta yi ta zurarewa. Iyakar da suka sa lita 24 ce a minti ɗaya. Sati biyu muna tashi da jar fuska. Dalili? Gemu. Na ce, "Baba, ko a ɗan rage shi?" Ya dube ni ya ce, "Kai dai rage naka." Magana ta mutu. Muka koma takunkumin hanci kaɗai, da maɗaurin haɓa don kada baki ya buɗe cikin barci, washegari sai ga kore. Amma fa idan ka canja takunkumi, sai ka shiga ka gaya wa na'urar irin wanda ka sa, domin kowane iri da yawan iskar da yake fitarwa, kuma da shi take cire lissafinta.

Wannan fitarwar ce ta kusa ja mana. Takunkumin yana da 'yan ƙananan huji da iska ke fita ta ciki da gangan, ta nan gurɓataccen numfashi yake ficewa. Wata rana na shiga na tarar Hajiya ta yanko filasta za ta liƙe su. "Ga inda take yoyo nan, ɗan nan, ku kuna ta neman wuri." Na riƙe hannunta na ce, "Hajiya, a yi haƙuri, in aka toshe nan abin da ya fitar shi zai sake shaƙa." Mai shagon da ya sayar mana ko kalma ɗaya bai faɗa a kan wannan ba, ya karɓi kuɗi ya miƙo kwali.

Idan yoyo kaɗan ne, na'urar tana cike giɓin da kanta. Idan ya yi yawa sai ta kasa gane lokacin da ya ja da lokacin da ya sauke, ya farka baki a bushe, ido ya yi ja.

Ƙararta ba ta hana barci. Ba ta da batiri a ciki, dole muka sa inbata saboda ɗauke wuta. Da hunturu kuwa matatar iskarta takan cika da ƙura cikin 'yan kwanaki, don haka a sayi da yawa a ajiye. Ciwon kan da Baba yake tashi da shi ya tafi, kuma ya daina gyangyaɗi yana tsaka da lazimin safe.