Madubin saiti mai sauƙin kuɗi don bindigar .22: abin da na gani a Vortex Crossfire II 2-7x32

Ina zaune a jihar Ohio ta Amurka, kuma bindigar da nake harbi da ita ƙirar Ruger 10/22 ce, wadda kamfanin ya fara fitarwa tun 1964, har yau kuma da wuya ka shiga filin koyon harbi a ƙasar nan ba ka tarar da irinta ba. Aikinta a wurina iri biyu ne, wato harbin takarda a ƙarshen mako, da farautar kurege idan lokacinta ya buɗe a farkon watan Satumba. Madubin da na ɗora mata shi ne Vortex Crossfire II 2-7x32 na bindigogin .22 (wato yana ƙara girman hoto daga ninki 2 zuwa ninki 7, faɗin gilashin gabansa kuma milimita 32 ne), wanda na saya a kan abin da ya ɗan haura dala 130, ban da kuɗin zobban da ke riƙe shi. Na yi rani da damina da hunturu da shi, kuma ra'ayina shi ne ya ci kuɗinsa ga wanda harbinsa bai cika wuce yadi 75 ba. Dalilin da ya sa ya ci kuɗin nasa kuwa ba shi ne abin da masu talla suka fi ɗaga murya a kai ba.

Sai an fahimci harsashin kafin a fahimci madubin. Harsashin .22 Long Rifle, wanda kamfanin J. Stevens ya fito da shi a 1887, sinadarin da ke tayar da albarushinsa yana cikin leɓen gindin kwanson ne, ba a tsakiya ba kamar na manyan bindigogi, shi ya sa kwanson yake da laushi kuma ƙarfinsa yake da iyaka. Irin wanda nake amfani da shi, CCI Standard Velocity, yana fita da gudun ƙafa 1,070 a daƙiƙa, ƙasa kaɗan da gudun sauti. Abubuwa biyu suka biyo bayan wannan. Na farko, bindigar ba ta dukan kafaɗa, saboda haka madubin ba ya shan girgizar da ke wargaza kayan ciki, kuma wannan ne ya sa mai araha yake iya daɗewa a kanta alhali da an ɗora shi a kan bindigar farautar barewa da tuni ya sauka daga saiti. Na biyu, kusan duk harbin da za a yi da ita yana tsakanin yadi 15 ne da yadi 100, kuma abin da ake nema ƙarami ne. Wurin da mafarauci yake nema a kan kurege bai fi goro ɗaya girma ba.

A nan ne maganar faralaks take shigowa, kuma a ganina ita ce kan gaba a duk abin da mai saye zai duba. Kowane madubi yana da tazara guda da a cikinta hoton abin hari yake sauka daidai a kan layukan saitin nan biyu da suka gitta juna. Idan abin harin yana kusa ko nesa da wannan tazara, to da zarar idonka ya ɗan goce daga tsakiyar madubin, za ka ga mahaɗar layukan tana yawo a kan abin harin ko da bindigar ba ta motsa ba. Madubin da aka ƙera don manyan bindigogi yawanci an daidaita shi a yadi 100 ko 150, shi kuwa wannan an daidaita shi a yadi 50. Lissafin bambancin ba shi da wuya. Madubi mai gilashin gaba na milimita 40 da aka daidaita a yadi 100, idan aka harba da shi a yadi 25, kuskuren zai iya kai milimita 15 idan ido ya goce har bakin iyaka. Wannan mai milimita 32 da aka daidaita a yadi 50, kuskurensa a wannan tazarar ba ya wuce milimita 8, a yadi 50 kuwa babu shi kwata-kwata. Ga mai harbin barewa milimita 15 ba komai ba ne, amma ga mai neman kan kurege, ko mai son harsasai biyar su faɗa cikin rabin inci, shi ne bambancin samu da rashi. Mutane da yawa suna zargin harsashi ko bututun bindiga alhali laifin yana tsakanin idonsu da gilashi.

Bindigar na saye ta ne a hannun wanda ya riga ya yi amfani da ita, kuma ta zo da wani madubi wanda ba zan ambaci sunansa ba, mai ɗauke da lambobin 6-24x50 da fitila ja da koriya a cikinsa. A ido yana da kwarjini. A aiki kuwa, da an wuce ninki 12 hoton yake dusashewa kamar an shafa masa hazo, kuma idan na murɗa maɓallin sama da ƙasa, wani lokaci harsashin ba ya matsawa sai bayan harbi biyu ko uku, sannan ya yi tsalle gaba ɗaya. Irin wannan shi ne tarkon da ke cike a shagunan intanet a kan dala 40 zuwa 60: an zuba kuɗin ƙira a kan manyan lambobi da fitilu, an bar gilashi da ƙarafan ciki. Idan kuɗin mutum kaɗan ne, gara ya sayi madubi mai abubuwa kaɗan da aka yi su da kyau.

Kafin na tsaya a kan Vortex na duba wasu biyu. Akwai Simmons .22 Mag 3-9x32, wanda a lokacin ake samu a kusan dala 50 har da zobbansa, shi ma an daidaita shi a yadi 50, kuma na san masu harbin gwangwani a gonakinsu da suka shekara da shekaru da shi ba su da ƙorafi. Akwai kuma Leupold VX-Freedom 3-9x40 na .22, wanda ake haɗawa a garin Beaverton na jihar Oregon, aka daidaita shi a yadi 60, kuma farashinsa a lokacin kusan dala 300 ne. Na leƙa ta cikinsa a kanti, babu musu ya fi haske, sai dai kuɗinsa ya kusa kamo kuɗin bindigar kanta, ni kuwa na fi son in juya ragowar zuwa harsasai.

Ɗora madubin bai ba ni wahala ba, amma akwai abin lura. Ba ya zuwa da zobba, sai an saya daban, kuma bututunsa mai faɗin inci ɗaya ne. Bindigogin .22 ba su da ma'auni guda a wurin ɗorawa: wasu na Amurka suna da tsagi mai faɗin kashi uku cikin takwas na inci, na Turai irin su CZ 457 suna da mai milimita 11, ita kuwa 10/22 ana ɗaura mata ɗan faranti ne da noti huɗu a saman jikinta. Jikin nata na alminiyam ne, saboda haka wanda ya matse notin da ƙarfin tuwo zai cinye zaren ramin. Kamfanin Vortex yana ba da shawarar a matse notin zobba tsakanin 15 zuwa 18 na inci-fam, wato ma'aunin ƙarfin murɗa noti, kuma ɗan makullin da ke auna wannan ya cancanci a aro shi idan ba za a saya ba, domin matsewa fiye da kima tana danne bututun har kayan ciki su daina motsi yadda ya kamata. Ƙanƙantar gilashin gaba ta yi mini rana a nan, domin ta ba ni damar amfani da gajerun zobba. An sassaƙa ƙotar 10/22 ne don mai saiti da ƙarfen da ke kan bututu, saboda haka duk lokacin da madubi ya yi tsayi, kumatun maharbi yana rabuwa da ƙota, ido ya riƙa sauya wuri daga harbi zuwa harbi, matsalar faralaks kuma ta dawo ta ƙofar baya.

Na daidaita saitin a yadi 50. Kowane ƙas ɗaya na maɓallin yana matsar da harsashi kusan rubu'in inci a yadi 100, wato kusan kashi ɗaya cikin takwas na inci a yadi 50. Gwajin da nake ba kowa shawara ya yi wa sabon madubi tun kafin wa'adin mayarwa ya wuce shi ne na murabba'i: a harba rukuni ɗaya na harsasai, a murɗa ƙas 16 sama a harba, 16 dama a harba, 16 ƙasa, sannan 16 hagu, ana auna wuri guda a duk tsawon gwajin. Idan kayan ciki lafiya suke, rukunan za su zana murabba'i mai kusan inci biyu a kowane gefe, na ƙarshe kuma ya faɗa a kan na farko. Nawa ya yi hakan, kuma ya sake yi bayan ya sha jijjiga a bayan mota da sanyin watan Janairu. Wannan ne abin da na biya kuɗinsa. Maɓallan suna da murfi, abin da ya dace da mai shiga daji domin reshe ba zai juya su ba.

A cikin daji ne na gane amfanin ninki 2 da ke ƙasa, wanda da farko na ɗauka ado ne. A ninki 2 madubin yana nuna faɗin ƙafa 42 a yadi 100, a ninki 7 kuma ya ragu zuwa ƙafa 12 da ɗoriya, saboda haka nakan bar shi a ninki 3 ko 4 ina neman kuregen da ke tsalle tsakanin rassan itacen gyaɗar daji, sai ya tsaya sannan in ƙara. Ido yana zama kusan inci huɗu daga gilashin baya, wanda ya ishi mai sa tabarau irina. Da sassafe, lokacin da rana ba ta ratso ganye ba, hoton yana da isasshen haske, domin ko a ninki 7 hasken da ke fitowa zuwa ido ya haura milimita huɗu da rabi a faɗi, kusan daidai da na madubi mai 3-9x40 a ninkinsa na ƙarshe. An cika cikinsa da iskar naitirojin an kuma toshe shi, kuma ban taɓa ganin raɓa a cikinsa ba ko da na fito da shi daga mota mai ɗumi zuwa cikin ƙanƙara. Nauyinsa yana kusan giram 400, bai sauya yadda bindigar take zama a hannu ba.

Iyakarsa tana bayyana ne a yadi 100, kuma iyaka ce ta ƙira, duk wanda ya karanta lambobin da ke jikinsa ya san da ita. Harsashin da aka daidaita a yadi 50 yana sauka da kusan inci 7 idan ya kai yadi 100, layukan V-Plex da ke cikin madubin kuwa ba su da ɗigo ko tsani da za a riƙe don cike wannan giɓi. Ko dai a cire murfi a murɗa ƙas wajen 28, ko a koyi inda kaurin layin ƙasa yake farawa a yi amfani da shi, tare da tunawa cewa wannan ma'auni yana sauyawa idan aka sauya ninki. Haka kuma a ninki 7 ba na iya ganin ramin harsashi a kan baƙar takarda daga wannan nisa, kuskuren faralaks kuma yana iya kai milimita 16. Wanda burinsa gasa ce irin ta NRL22, inda ake harbin ƙananan farantan ƙarfe daga kusa har zuwa yadi 100, ko wanda yake harbi a ɗakin da tsawonsa yadi 25 ne kawai, ya nemi madubin da ake iya juya faralaks ɗinsa da hannu, irin su Hawke Vantage masu alamar AO, ko da zai ƙara wasu 'yan daloli.

A ƙasar Sin ake ƙera wannan madubi, kamfanin kuwa yana garin Barneveld na jihar Wisconsin, kuma garantinsa na har abada ne, ba ya buƙatar rasit, yana kuma bin madubin ko da ya sauya hannu, sai dai bai shafi sata ko ɓata ko ɓarnar ganganci ba. Ban kai ga neman gyara ba, amma wannan sharaɗi ne ya sa ake iya sayen na hannu ba tare da fargaba ba. Ga 'yan'uwa da ke tunanin sa shi a jaka su kai gida, a sani cewa dokar Amurka ta sa madubin bindiga cikin kayan da fitar da su zuwa ƙasashe da yawa yake buƙatar izini, mallakar bindigar kanta kuma a Najeriya sai da lasisi ƙarƙashin dokar makamai ta 1959.

Abu guda da ba madubin da zai yi wa mutum shi ne riƙe saiti bayan an sauya harsashi. Idan na bar Standard Velocity na koma CCI Mini-Mag mai gudun ƙafa 1,235 a daƙiƙa don farauta, rukunin yana hawa sama a yadi 50, wani lokaci har ya ɗan karkata gefe, don haka na rubuta adadin ƙas ɗin da ke tsakanin su biyun a ɗan tef na manna a cikin murfin maɓallin sama.