Kwana uku a bakin tafkin Itasca cikin motar haya

Shekara bakwai ina zaune a birnin Minneapolis na Amurka, kuma duk lokacin zafi sai in ga maƙwabtana sun tayar da manyan motocin nan masu ɗaki a ciki, waɗanda suke kira RV, sun nufi arewa. Bana uwargida ta ce, "Malam, yaran nan fa ba su san ko'ina ba, daga makaranta sai masallaci sai kanti." Shi ke nan na ɗauki hayar guda, muka yi kwana uku a gandun Itasca na gwamnatin jihar Minnesota a ƙarshen Yuni.

Bari in fara da motar, don nan ne aljihu ya ji jiki. Kamfanin hayar, wanda ba zan kira sunansa ba, ya rubuta kuɗin kwana da manyan baƙaƙe, sauran kuwa ya jera su can ƙasa kamar tururuwa. Kuɗin kowane mil daban, inshora daban, janareta da awa ake lissafa shi, hatta tukwane da zanin gado sai ka biya in ba ka zo da naka ba. Mu dai mun kwaso namu. Sannan ga mai. Tafiyar ta haura mil 200, awa huɗu a ƙaramar mota, mu mun yi biyar da wani abu, kuma galan ɗaya da ƙyar yake kai mu mil goma. Yaron da ya miƙo min makulli ya zagaya da ni cikin minti goma, yana nuna maɓallai yana zuba kamar ana korarsa. Ni kuma na yi ta gyaɗa kai don kada a ce baƙauye ne.

Amma tsakani da Allah motar tsaf take, firij ya riƙe mana nama har ranar dawowa, kuma lasisin tuƙi na yau da kullum ya isa. Gadon da ke saman kujerar direba ne kawai ya haɗa yara faɗa tun kafin mu bar gari.

Wurin kwana a Itasca ba a zuwa masa kai tsaye. Ana buɗe rajista a intanet kwana 120 kafin ranar, kuma wuraren da ke da wutar lantarki su ne ke fara ƙarewa. Sansani biyu ne manya, Bear Paw da Pine Ridge. Na kama a Bear Paw saboda shi ne a gefen tafki. Takardar shigar mota gandun kuɗinta daban ne da na kwana. Itacen girki kuma kada ka ɗauko daga gida, akwai doka a kai saboda wani ƙwaro da ke kashe bishiyoyi, sai ka sayi wanda aka amince da shi.

Abin da gyaɗa kai ya jawo min ya bayyana a rana ta biyu. Motar tana da tanki uku: na ruwa mai kyau, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bayan gida. Wanda ya ƙera ta bai yi lissafin mutum biyar masu alwala sau biyar a rana ba. Da la'asar sai uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, zo ka ga ikon Allah." Ruwan wanke-wanke ne ya dawo ta ƙasan wurin wanka, har da ƙwayoyin shinkafa suna yawo a kai. Dole na cire wayar wuta, na tattara kujeru, na ja gidan gaba ɗaya zuwa ramin da ake zubar da ƙazanta. Ina tsaye da mesa a hannu ina zare ido, sai wani dattijon Bature da ke bayana a layi ya sauko, ya ba ni safar hannu ta roba. Ya ce in fara buɗe na bayan gida, in ya gama sauka sai in saki na wanka ya wanke mesar. Allah ya saka masa. Daga ranar buta ta koma waje, wanka kuma a banɗakin sansani, wanda ma ya fi namu faɗi da ruwan zafi.

Gandun kansa ba ni da abin cewa sai yabo. An kafa shi a 1891, shi ne mafi daɗewa a jihar, kuma daga tafkin nan ne kogin Misisifi yake farawa. Na ga Misisifi a Minneapolis da gadoji a kansa, ban taɓa zaton zan naɗe wando in tsallake shi a kan duwatsu ba. Ruwan ko gwiwata bai kai ba, ga sanyi, ga santsi. Autarmu ta zame ta zauna daram a ciki, tana kuka tana dariya. A gefe akwai gungumen itace da aka rubuta cewa ruwan zai yi mil 2,552 kafin ya faɗa Tekun Meziko. An ce wani Henry Schoolcraft ne ya gano mafarin a 1832, alhali wani ɗan ƙabilar Ojibwe, 'yan asalin yankin, mai suna Ozawindib ne ya kawo shi wurin. Na tuna darasin firamare na Mungo Park da kogin Kwara, na yi murmushi ni kaɗai.

Mun hau hasumiyar hangen gobara ta Aiton Heights. Kada ka hau in kana da jiri.

Dare shi ne ya fi zauna min a rai. Rana ba ta faɗuwa sai bayan tara, isha ta kai kusan sha ɗaya, asuba kuma kafin huɗu, don haka barcin ragagge ne. Mun gasa tsire a murhun ƙarfen da ke kowane fili, da yajin da aka aiko mana daga Kano, har maƙwabcinmu ya biyo ƙamshi ya ci tsinke biyu yana share hawaye. Ƙarfe goma kowa ya yi tsit, haka dokar take. Da na fito alwalar asuba sai na ji wani kuka mai tsawo daga tsakiyar ruwa, tsigar jikina ta tashi, na yi a'uziyya. Ashe wani tsuntsun ruwa ne mai kama da agwagwa, shi ne ma tambarin jihar. Sauro kuwa, duk da ba ya sa zazzaɓin cizon sauro, ta cikin jallabiya yake cizo, kuma kullum da yamma sai mun duba jikin yara saboda kaska.

Ranar mayar da mota na cika tankin mai, na zubar da ƙazanta, uwargida ta share ko'ina, duk da haka suka cire wani abu daga kuɗin ajiya, wai firij yana warin daddawa. Ban yi musu ba, don da gaske yana yi.