Injin gyaran shinkafar da Ba'indiye ke kula da shi: aikinsa, sikelinsa da abin da ke ransa

Duk mai harkar shinkafa tsakanin Kura, Garun Malam da Bunkure ya san ba a gona kaɗai ake tafka asara ba. Ka sha wahalar noman rani, ka sayi taki da tsada, ka yi ta korar jan-baki, ka girbe lafiya, sai injin gyara ya kakkarya maka ƙwayar, ka kai kasuwa mai saye yana damƙa yana taɓe baki. Shi ya sa na ga ya dace in faɗi abin da na gani a wani matsakaicin injin gyaran shinkafa da ke yankin nan namu. Mai wurin ɗan ƙasa ne, amma injina da ma'aikata duk suna hannun wani Ba'indiye mai furfura, wanda kowa ke kira Injiniya. Ba zan kama sunan wurin ko na ƙauyen ba, domin maganar za ta taɓa abin da ke cikin zuciyar mutum, kuma sai da ya amince na rubuta.

Kana sauke shanshera, kafin a ɗora buhu kan sikeli, zai ɗebo daga baki da tsakiya da gindin buhu, ya zuba a wata 'yar na'urar awon danshi, ya juyo maka da fuskarta ka karanta da idonka. In danshin ya wuce kashi 14 cikin 100 sosai, zai ce a shanya tukuna. Ana auna nauyi a gabanka, a rubuta a takarda biyu, ɗaya taka ɗaya tasu. Wannan ne abin da ya fara ja na.

Turararsu ta bambanta da wadda muka saba. Da ruwan zafi suke jiƙa shanshera, ba sa barinta ta kwana biyu ko uku a ruwan sanyi har ta yi tsami, don haka ba ta fitowa da warin nan da ke kore masu saye. In an turara, ba a barinta a rana ta bushe ƙarau lokaci guda. Sai a shanya, a tattara a rufe ta huta, a sake shanyawa. Ya taɓa ɗaukar ƙwaya ɗaya daga kayan wani da aka shanya a bakin kwalta, ya ɓare ta da farce, ya ɗaga ta wajen haske ya nuna mini tsagar da ke jikinta, siririya, sai ka ƙura ido. Ya ce, "Malam, wannan tun a rana ta karye. Inji sai dai ya tona asiri." Injin ɓare buntun ma na robobi biyu ne masu juyawa, ba irin na ƙarfen nan da ke ɓarewa ya goge lokaci ɗaya ya cakuɗa buntu da dusa ba. Akwai mai tsince tsakuwa. Buntu shi suke hura tukunyar turiri da shi, dusa kuma a ware take fitowa, tsaf, a ba ka abarka ka kai wa dabbobi. Shinkafa irin Faro 44 da na kai ta ba ni kusan kashi biyu cikin uku na nauyinta, karyayyar ba ta taka kara ta karya ba. Jamila kuwa, da yake doguwa ce, ta fi son lallashi, kuma ya san haka, da kansa yake tsayawa ya daidaita tazarar robobin.

Ran Juma'a da azahar ta gabato ake kashe injina, ma'aikata su wuce masallaci, shi ya zauna gadin kayan mutane. Shi ne da kansa ya sa aka share fili aka kewaye da bulo don salla, kuma da azumi yakan matsar da aikin turara zuwa bayan asuba. Ganin haka ya sa wata rana, muna jiran kayana su huce, na tambaye shi wace rana ce tasa ta ibada. Na zaci zai ce shi Hindu ne ko Kirista. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Alhaji, ba ni da rana. Ni ban yarda akwai Allah ba."

Raina ya sosu. Na yi ta'awizi a zuci. Mutum ne da na ga ya bi wani direba da gudu don ya mayar masa da ragowar kuɗin da aka ƙirga fiye da ƙima, ga shi yana faɗin magana mafi muni da kunnen Musulmi zai ji. Bai faɗe ta da izgili ba, kuma ban taɓa jin ya buɗe wa ma'aikaci ko ɗaya wannan zance ba. Ni na tambaya, shi kuma ya ƙi yi mini ƙarya.

A hirarrakin da suka biyo baya ne na fahimci inda abin ya samo asali. Ɗan ƙabilar Tamil ne, daga jihar Tamil Nadu a can ƙuryar kudancin Indiya, wadda babban birninta Chennai ne. Samari kan gaishe shi da kalmomin da suka tsinta a finafinai, sai ya yi murmushi ya ce wannan Hindi ne, ba yarensa ba ne, har ma mutanensa sun yi bore a 1965 don kada a ƙaƙaba musu shi. Garinsu yana yankin Thanjavur, inda kogin Kaveri ke rarrabuwa kafin ya faɗa teku, ƙasar shinkafa tun kaka da kakanni. Ya ce akwai wata madatsar ruwa a can, Kallanai, da wani sarki ya gina kusan shekara 2,000 da suka wuce, har yau tana raba wa gonaki ruwa. Da na ce masa tamu ta Tiga a 1974 aka gama ta, sai ya ce ai ruwa ba ya tambayar shekarun madatsa, ya dai iso gona.

Iyayensa 'yan ƙwadagon gona ne, daga cikin waɗanda tsarin asali na Indiya ya ajiye a ƙasa. Can mutum yana gadon matsayinsa ne tun daga ciki, kuma an jingina abin da addini. Ya ce yana yaro, mai shayin ƙauyensu kofi iri biyu gare shi, nasu a rataye a waje, su wanke da kansu in sun sha. Akwai layin da ba sa bi da takalmi. Mahaifiyarsa mai yawan bauta ce, amma daga nesa take tsayawa ta ɗaga hannu. Sannan ya ba ni labarin wani ƙauye da ake kira Kilvenmani, a yankin nasu. Ranar 25 ga Disamba 1968, bayan 'yan ƙwadagon shinkafa sun tsaya kan a ƙara musu ladan aiki, mutanen masu gonaki suka cinna wa wata bukka wuta da mutum 44 a ciki, yawanci mata da yara. Ya ce shi bai yi wayo ba lokacin, amma da wannan labarin aka raine shi. Yana faɗa hannunsa na cikin buhun shanshera yana juyawa, bai ɗago ya dube ni ba.

Mahaifinsa ya bi tafarkin wani dattijo, E. V. Ramasamy, wanda aka fi sani da Periyar. An haife shi a Erode a 1879, ya mutu a 1973. A 1925 ya kafa ƙungiyar neman mutunta kai, yana yaƙar bambancin asali da danne mata, ya kuma kai ga cewa tunda da sunan bauta ake ƙasƙanta mutane, to a watsar da bautar gaba ɗaya. Mabiyansa baƙar riga suke sawa, kuma a gindin mutum-mutuminsa da dama an rubuta cewa babu Allah. Suna ɗaura aure ba tare da malamin bauta ba, gwamnatin babban ministan jihar, Annadurai, da ta hau a 1967 ta halatta irin wannan aure a dokar jihar. Injiniya ya ce haka aka ɗaura nasa. Ya ce in ba don wannan gwagwarmaya ba, da ɗan 'yan ƙwadago irinsa bai ga ƙofar makarantar koyon injina ba.

Na ce masa, "Injiniya, abin da aka yi muku zalunci ne, amma mutane suka yi. Ka ɗora wa Mahalicci laifin bayinsa." Na gaya masa abin da Manzon Allah (SAW) ya faɗa, cewa Balarabe ba shi da fifiko a kan wanda ba Balarabe ba sai da taƙawa. Na ba shi labarin Bilal, bawa baƙar fata da ya zama ladanin Annabi. Na ce ya dubi sahun Juma'a, hakimi da ɗan dako kafaɗa da kafaɗa. Ya ce ya gani, kuma sahun yana burge shi, ya ce a ƙasarsu ma akwai Musulmi tun da daɗewa, har ɗaya daga cikinsu, Abdul Kalam na Rameswaram, ya yi shugaban Indiya daga 2002 zuwa 2007. Sai ya ƙara da cewa, "Amma Alhaji, yaron nan mai kula da tukunya, an hana shi yarinya don ubansa mahauci ne. A masallaci ɗaya suke salla da uban yarinyar." Gaskiya ya faɗa, na san maganar. Na ce wannan al'ada ce, addini bai yarda da ita ba. Ya ce a can ma akwai masu faɗin haka. Har yau ina nan kan bakana cewa ya yi kuskure babba, kuma ina jin ciwon cewa irin wannan hali namu ne ke ƙara masa hujja.

Abin da ban zata ba shi ne yadda ya riƙe al'adunsu gam, alhali yawancinsu a jiƙe suke da bautar da ya bari. Yana da hoton babban ɗakin bautar Thanjavur a ofishinsa, wanda aka kammala a 1010, ya ce magina yake tunawa da shi. Yana haddace da baitoci daga wani tsohon littafin hikima na Tamil, Thirukkural, mai baiti 1,330, wanda har babi guda ya ware wa noma. Shi da bakinsa ya gaya mini babin farko na littafin yabon Ubangiji ne. Na ce to? Ya ce yana karantawa don daɗin harshen. Ya kuma ce in ya ji waƙoƙin bautar da mahaifiyarsa ke rerawa da asuba, hawaye na zubo masa, bai san yadda zai fassara hakan ba. A nan na ga ƙofar da ban fid da rai da ita ba, kuma ina sa shi a addu'a Allah Ya shirye shi.

A tsakiyar Janairu, cikin hunturu, yakan yi bikin girbinsu da suke kira Pongal. Ya kafa murhu a filin shanya, ya ɗora sabuwar tukunyar ƙasa da aka ɗaura wa gangamau a wuya, ya zuba madara da sabuwar shinkafa da mazarƙwaila, a bari ta tafasa har ta yi ambaliya. A can, rana ake miƙa wa wannan abinci, washegari kuma a yi wa shanu ado. Na tambaye shi kai tsaye ko ya ambaci wani abin bauta a kai, don in haka ne ba za mu ci ba. Ya ce shi da ba ya miƙa wa kowa komai, manomi da saniya kawai yake gode wa. Muka yi bisimilla muka ci. Na ce masa wanda ya fitar da tsiro daga ƙwaya shi ya fi cancantar godiya. Ya ce ruwa ne da rana da taki da guminmu. Na ce wa ya saukar da ruwan? Ya ƙara mini cokali biyu bai amsa ba.

Wurin yana da nasa aibu, kuma ba ƙanana ba. Kuɗin gyaransu ya fi na ƙananan injinan cikin gari, in ka haɗa da kuɗin mota sai mai kaya da yawa zai ga riba. Ba sa kunna tukunya don buhu biyu ko uku, wannan ya rufe wa ƙaramin manomi ƙofa, sai dai ku haɗa kai 'yan uwa, kuma a haɗa iri ɗaya. Filin shanyarsu ya yi kaɗan, da kaka layi na iya kai ka kwanaki, babu ko rumfar kirki da mai jira zai fake. Injiniya kansa yana da zafin rai a kan aiki. Na ga ya daka wa wani dattijo tsawa don ya kawo shanshera mai ƙasa da duwatsu, har sai da na ja shi gefe na ce a nan ba a ɗaga wa mai furfura murya a gaban 'ya'yansa. Ya je ya ba shi haƙuri, amma halin bai bar shi duka ba. Akwai kuma abin da ya fi damuna: matan Kura da suka daɗe suna ci da turara, duk buhun da ya tafi irin wannan wuri daga hannunsu ya fita. Na yi masa maganar, yanzu yana karɓar wadda mata suka turara a gida ya gyara, har yakan nuna musu yadda za su ɗora shanshera bisa rariya a cikin tukunya don turiri kaɗai ya ratsa ta. Wannan bai maye musu abin da suka rasa ba.

Duk da haka can nake kai kayana, kuma ina ba mai buhu goma zuwa sama shawarar ya nemi irin wannan inji. Ka sheƙe shansherarka da kyau tun daga gona, kada ka cakuɗa jamila da wani iri, ka shanya a kan tamfol ba a kwalta ba. Ka tafi da buhunanka na dusa, don nasu sayarwa suke yi. In da hali ka kauce wa makonnin farko na girbi, kuma kada ka isa ran Juma'a bayan ƙarfe goma sha biyu, sai an sauko daga masallaci za a sake tayar da inji.