Wane Kwas na Turancin Jami'a Ya Cancanci Kuɗin Ɗalibi a Abuja?

Ɗalibin da ya ci Turanci a WAEC yakan iske cewa rubuta kundin bincike wani aiki ne daban, shi ya sa cibiyoyin koyar da Turanci suke samun kasuwa daga Wuse har Gwagwalada. Kafin a biya ko sisi, ya kamata a san abin da kowanne yake koyarwa.

Darasin Turanci na GST 111 da ake yi wa 'yan aji ɗaya a jami'a yana da amfaninsa, amma malamin da ke gaban cikakken zaure ba zai iya bin rubutun kowa da jan biro ba. Manhajojin waya hira suke koyarwa. Kwas ɗin IELTS, wato jarrabawar gwajin ƙwarewa a Turanci, kuwa na mai shirin fita waje ne, kuma rubuta kalmomi 250 cikin minti 40, kamar yadda jarrabawar take buƙata, ba ya koya wa mutum haɗa babi na biyu na kundi.

Wanda na fi yarda da shi shi ne ƙaramin ajin da malami zai fara da neman takardun sashen ɗalibi, saboda abin da mai karatun shari'a yake buƙata ya bambanta da na mai karatun haɗa magunguna. A nan ake koyon taƙaita muƙala, da faɗin ra'ayin wani da kalmominka tare da ambato shi bisa tsarin APA (wata ƙa'ida ta ambaton majiya a rubutun ilimi), da sassauta iƙirari inda hujja ba ta cika ba. Malamin kirki zai san jerin kalmomin ilimi da masaniyar harshe Averil Coxhead ta fitar a 2000, mai ɗauke da rukunin kalmomi 570. Tambaya mafi muhimmanci ita ce: sau nawa za a gyara rubutuna a maido mini in sake?

Wata cibiya ta karɓi kuɗin ƙanena, bangonta cike da takardun shaida, amma abin da ya samu kwafin tsofaffin tambayoyi ne kawai. A nemi halartar darasi ɗaya kafin biya, kuma a karɓi rasit. Masu tallar sakamakon IELTS ba tare da jarrabawa ba a Facebook da WhatsApp 'yan damfara ne, domin jami'o'i suna tantance lambar sakamakon ta intanet, kuma rajista ta hannun British Council ko IDP ake yi. Haka nan a guji masu cewa za su "gyara" kundi alhali rubuta shi za su yi: ko Turnitin, manhajar gano kwafin rubutu, bai kama ba, ranar kare kundi ɗalibin ne zai tsaya gaban malamai shi kaɗai.