Taragon shugabannin Amurka a gidan tarihin Gold Coast

Wanda ya je gidan adana jiragen ƙasa na Gold Coast da ke kudancin Miami, daura da gidan namun dajin birnin, zai tarar da kawunan jirage da taragai jere a ƙarƙashin rumfa, amma tarago ɗaya ne ya kai ni can, kuma shi kaɗai ya fanshe wahalar tafiyar. Sunansa Ferdinand Magellan. Kamfanin Pullman ne ya ƙera shi a ƙarshen shekarun 1920, sannan aka yi masa sulke a 1942 domin Shugaba Franklin Roosevelt, da gilashin tagogi mai kaurin inci 3, har nauyinsa ya kusa kai kilo 130,000.

Abin da ya fi tsayar da ni shi ne barandar baya. 'Yar ƙarama ce, mutum huɗu ma sai sun matsu, ga ta kuma a buɗe fayau, alhali duk sauran taragon an lulluɓe shi da ƙarfe don kada harsashi ya ratsa. A kanta Shugaba Harry Truman ya yi yaƙin neman zaɓen 1948, inda ya ci kimanin mil 30,000 yana tsayawa tasha-tasha, ya yi jawabi, jirgi ya yi gaba. A kanta kuma, a tashar St. Louis, ya ɗaga jaridar Chicago Tribune wadda ta yi gaggawar buga cewa abokin takararsa Dewey ya kayar da shi, yana ta dariya, domin shi ne ya ci zaɓen.

Sai dai mai ziyara ya sani cewa wannan tarago ƙarshen labarin yake nunawa, domin al'adar yaƙin neman zaɓe a jirgin ƙasa ta girme shi nesa ba kusa ba. A 1896 William Jennings Bryan ya yi tafiyar mil 18,000 yana neman ƙuri'ar zama shugaban ƙasa, yayin da abokin hamayyarsa William McKinley ya zauna gidansa a Canton, jihar Ohio, jama'a na zuwa su same shi, kuma McKinley ɗin ne ya ci zaɓen. A 1900 Theodore Roosevelt, yana takarar mataimakin shugaba, ya zagaya jihohi 24. Bryan da Theodore Roosevelt ba su da lasifikokin da na gani a kan rufin Magellan, maƙogwaronsu ne jarinsu, ga hucin injin, ga hayaniyar taro, ga jirgi na jiran tashi.

A ganina ziyarar ta fi amfanar wanda ya ɗan karanta tarihin kafin ya zo, domin ƙarfe ba ya ba da labarin kansa. Zafin Miami ba ya da sauƙi, don haka zuwan safe ya fi. Na tsaya a ƙasa, inda masu sauraro kan tsaya, na ɗaga kai, sai na lura cewa tsakanin shugaban ƙasa da manomin da ke sahun gaba bai wuce miƙa hannu ba.