Mai siririn ƙasa ko kambas mai tudu: ga wanda zan ce ka saya

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tsakanin takalman nan biyu da ka turo hotonsu, tunda dai a burtali da hanyoyin gona za ka riƙa gudun ba a kwalta ba, ɗauki mai siririn ƙasan. Amma ka ƙarasa karantawa kafin ka tura wa kowa kuɗi.

Irinsa nake sakawa, gwanjo na samo a Ƙofar Wambai. Ƙasansa bai fi milimita 5 ko 6 ba, dunduniya da yatsu a daidai suke, gabansa kuma da faɗi, yatsu na sakewa yadda suke so. Idan na idar da asuba nakan bi burtalin bayan garinmu nan wajen Birnin Kudu, in ratsa gonakin gero in hau dutse. A kan dutsen ne za ka san kuɗinka bai tafi a banza ba: ƙafa na kama jikinsa, kana jin inda yake da kaushi da inda raɓa ta sa shi santsi tun kafin ka ɗora nauyinka. A ƙasa kuma, wurin da shanu suka tattaka laka da damina ta bushe da sawun kofato, ƙafar da kanta take zaɓar mataki. Takunka zai gajarce, ka daina dukan ƙasa da dunduniya, ba tare da kowa ya koya maka ba. Wata safiya wata Bafulatana ɗauke da ƙwaryar nono ta tsaya ta dubi bayana, ta dube ni, ta ce, "Malam, lafiya? Wa ya biyo ka?" Har yanzu idan mun haɗu sai ta ce a gai da wanda ba a kora.

Kambas mai tudu kuwa, to, a kwalta yana da amfaninsa, ba zan hana shi ba. Nawa na jibge a bayan ƙofa. Dunduniyarsa ta ɗara gabansa da kusan milimita 10, kana sama kamar mai gudu a kan katifa, kunya ɗaya ta gona ta isa ta juya maka idon sawu.

Gudu ba takalmi ko da mai siririn ƙasa ba sabon abu ba ne. Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya ci gudun yada-ƙanin-wani a gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960. Mutanen Tarahumara na Meziko da takalmin taya suke ratsa tsaunuka, kusan irin wanda makiyayanmu ke sakawa. A 2010 ma wani bincike da Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard ya jagoranta ya nuna waɗanda suka saba gudu ba takalmi sun fi sauka da gaban ƙafa. Sai dai kada wani ya ce maka takalmin magani ne. Kamfanin Vibram, mai yin wannan da kowane ɗan yatsa ke da gidansa, sai da ya amince a 2014 ya biya dala miliyan 3.75 a Amurka don a kashe ƙarar da aka shigar kan cewar da ya yi takalminsa na ƙarfafa ƙafa yana rage rauni.

Kuma mai siririn ƙasan yana da matsala da tsidau. Da kaka, idan tsidau da ƙarangiya suka bushe, za ka dawo ka zauna kana cirar su ɗaya-ɗaya daga ƙasan takalmin. Ƙayar aduwa ko ta bagaruwa kuwa fasa shi take ta shige. Don haka ka kai wa mai gyaran takalmi ya yanka maka siririyar fata mai tauri ya shimfiɗa a ciki, kuma kada ka bi ƙarƙashin itace mai ƙaya. Mai yatsu biyar ɗin nan ka rabu da shi, ƙarangiya tsakanin yatsun take maƙalewa, ga shi yaran gari ba za su bar ka ka sha iska ba.

Kada ka ce mu da muka tashi da silifa ƙafarmu ta riga ta saba. Tafiya daban, gudu daban. Makonnin farko ka yi yawo da shi kawai, sannan ɗan gudu kaɗan a rairayi, rana ɗaya ka huta rana ɗaya. Sharaɓa da agara za su yi tsami, wannan ba komai. Amma idan ciwo ya tsaya wuri guda a bayan ƙafa, ka taɓa ka ji zafi, ka dakata ka je asibiti, don ƙashin wurin yakan tsage. Mai ciwon suga kuma kada ya soma sai ya ga likita.

Sai batun masu sayarwa, ko da ba ka tambaya ba. Da yawa a Facebook da WhatsApp takalmin shiga ruwa suke ɗauka, su manna masa suna, su ce na gudu ne. Gwanjo kuma akwai wanda ƙasansa ya ɓalle aka liƙe da gam aka shafe da baƙin mai. Ka naɗe takalmin a hannu tun daga yatsu har dunduniya. Na kirki naɗuwa yake ya dawo, na bogi bakinsa zai buɗe. Ka cire shimfiɗar ciki ka ɗaga shi a rana ka duba huji. Wanda ya ce sai ka tura kuɗi kafin ka gani, bar masa kayansa.

Ka je da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka gwada ƙafar dama da ta hagu duka a tsaye, ka bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsunka da bakin takalmin.